Kaja Kallas: Firaministar da Rasha ke nema ruwa a jallo

A ranar 13 ga Fabrairun 2024 labari ya bazu cewa ma'aikatar harkokin cikin gidan Rasha ta saka sunan Kaja Kallas a jerin mutanen da take nema ruwa a jallo. A lokacin tana kan kujerar firaministar Estoniya, kuma kafin ita ba a taɓa jin Mosko ta yi wa shugaban gwamnatin wata ƙasa mai ci irin wannan cin fuska ba. Laifin da jami'an Rasha suka ɗora mata shi ne rushe gumaka da wuraren tunawa da sojojin Tarayyar Sobiyet na Yaƙin Duniya na Biyu. Ita kuwa ko gezau, cewa ta yi wannan ƙarin shaida ce cewa abin da take yi daidai ne.

A manyan biranen Turai da Amurka lamarin ya ƙara mata kwarjini. A gida kuwa hankalin jama'a na wani wuri dabam. Mako biyu ke nan da malaman makaranta suka janye yajin aiki a kan albashi, an shiga sabuwar shekara da ƙarin harajin kayan masarufi, gwamnati na shirin kawo harajin mota, ga kuma 'yan adawa da suka ƙi barin maganar kasuwancin mijinta da Rasha ta kwanta. Wata biyar bayan haka ta ajiye muƙamin ta nufi Brussels, hedkwatar Tarayyar Turai. Duk mai son ya gane siyasar wannan baiwar Allah sai ya dubi fuskokin nan biyu, domin kowacce gaskiya ce.

Gidan da ta fito

Estoniya ƙaramar ƙasa ce a bakin Tekun Baltik, tana iyaka da Rasha ta gabas da Latbiya ta kudu, Finlan kuma na tsallaken ruwa ta arewa. Faɗinta kusan murabba'in kilomita 45,000 ne, kwatankwacin jihar Kaduna, mutanenta kuwa ba su kai miliyan ɗaya da rabi ba. Ta ayyana 'yancinta ranar 24 ga Fabrairun 1918, ta yi yaƙi ta kare shi, har gwamnatin Mosko ta sa hannu a yarjejeniyar Tartu a 1920 cewa ta haƙura da ƙasar har abada. Alkawarin shekara 20 ya yi. A 1940 Stalin ya haɗiye ta tare da Latbiya da Lituweniya, sojojin Hitler suka ƙwace a 1941, na Sobiyet suka dawo a 1944. Ƙasar ta maido da 'yancinta a Agustan 1991, amma sojan Rasha na ƙarshe bai fita ba sai Agustan 1994.

A cikin wannan dogon tarihi akwai watan da kusan kowane dangi ke tunawa da shi, wato Maris na 1949. Cikin 'yan kwanaki aka kwashe mutum sama da 20,000, yawancinsu mata da yara da tsofaffi, aka loda su a taragon dabbobi zuwa Saiberiya. Mahaifiyar Kaja na cikinsu, tana jaririya 'yar wata 6, tare da uwarta da kakarta. Kallas ta ba da labarin a gaban Majalisar Turai a Maris na 2022. Tafiyar mako uku ce. Wani da ba su san shi ba ne ya miƙa musu kwalbar madarar da ta riƙe ran jaririyar. Idan an wanke tsummokaranta, mutanen taragon ne ke manna su a jikinsu har su bushe, don babu wani wurin shanya. Sai da yarinyar ta kai shekara 10 aka bar su suka koma gida, daga baya ta zama likita.

Ta wajen uba labarin ya sha bamban. Kakan mahaifinta, Eduard Alver, yana cikin waɗanda suka kafa jamhuriyar a 1918, shi ne kuma shugaban 'yan sandanta na farko. Mahaifinta Siim Kallas kuwa a cikin tsarin Sobiyet ya tashi ya yi suna a harkar kuɗi, yana riƙe da katin jam'iyyar kwaminis har 1990, abin da abokan hamayyar 'yarsa ba sa gajiya da tunatar da ita. Sai dai a 1987 yana cikin mutum huɗu da suka fito fili da shawarar a bar Estoniya ta tafiyar da tattalin arzikinta da kanta. Bayan 'yanci ya zama gwamnan babban banki, a hannunsa aka yi watsi da kuɗin Rasha aka fito da kuɗin ƙasar, kroon, a 1992. Ya kafa jam'iyyar Reform a 1994, ya yi firaminista daga 2002 zuwa 2003, sannan ya shafe shekara 10 yana kwamishina a Tarayyar Turai.

An haifi Kaja a Tallinn, babban birnin ƙasar, ranar 18 ga Yunin 1977. Tana yawan ba da labarin yadda mahaifinta ya kai su Berlin ta Gabas a 1988, tana 'yar shekara 11, ya tsayar da su kusa da katangar da ta raba birnin, ya ce su shaƙi iskar 'yanci da ke busowa daga tsallake. Shekararta 14 lokacin da daular Sobiyet ta wargaje. Tana cikin sahun ƙarshe na mutanen Estoniya da suka ɗanɗani rayuwar layin sayen kaya da shagunan da ba komai a kan kanta, kuma sahun farko da suka yi jami'a a ƙasa mai 'yanci.

Lauyar da ta guji siyasa

Ta kammala karatun shari'a a Jami'ar Tartu a 1999, ta shiga aikin lauya, ta ƙware a dokokin gasa tsakanin kamfanoni, har ta zama cikin masu hannu a manyan ofisoshin lauyoyi biyu na Tallinn. Ta sha faɗin cewa da gangan ta nisanci siyasa, don kada a ce rigar uba ta sa. A 2010 ta sauya shawara ta shiga Reform, a 2011 ta ci kujerar majalisar dokoki, wadda suke kira Riigikogu, da ƙuri'a 7,157, aka ba ta shugabancin kwamitin tattalin arziki. A 2014 ta tafi Majalisar Turai, inda ta fi mayar da hankali ga kasuwancin intanet da makamashi. Can ta koyi yadda ake ƙulla yarjejeniya a Brussels, ta kuma yi sabo da mutanen da daga baya za su yi mata rana.

Kafin a ci gaba, ya kamata mai karatu ya san yadda ake samun mulki a Estoniya. Shugaban ƙasa na nan, amma ikonsa kaɗan ne. Gwamnati a hannun firaminista take, shi kuma majalisa mai kujeru 101 ce ke amincewa da shi. Ana raba kujerun gwargwadon ƙuri'un kowace jam'iyya, don haka da wuya ɗaya ta samu rinjaye ita kaɗai. Wanda ya iya haɗa kan 'yan majalisa 51 shi ne da gari, ko da jam'iyyarsa ba ita ta zo ta ɗaya ba.

Wannan darasi Kallas ta koye shi da zafinsa. Reform ta riƙe kujerar firaminista daga 2005 zuwa 2016, a ƙarƙashin Andrus Ansip da Taavi Rõivas, kafin abokan ƙawancenta su juya mata baya su ɗora Jüri Ratas na jam'iyyar Tsakiya. A Afrilun 2018 jam'iyyar ta zaɓi Kallas shugaba, mace ta farko a tarihinta. A zaɓen 3 ga Maris na 2019 ta kai Reform matsayi na ɗaya da kujeru 34, jam'iyyar Tsakiya ta samu 26. Magoya baya sun fara murna, ashe Ratas ya riga ya yi nasa lissafin. Kafin zaɓe ya yi alkawarin ba zai haɗa gwamnati da EKRE ba, jam'iyyar masu ra'ayin riƙau da ke adawa da baƙi da kuma ƙara wa Brussels iko. Bayan zaɓe ya lashe amansa, ya haɗa kai da ita da jam'iyyar Isamaa. Shugabar ƙasa Kersti Kaljulaid ta ba Kallas damar farko ta kafa gwamnati, amma da aka je majalisa ƙuri'a 45 kawai ta samu. Ta ci zaɓe, ta koma kujerar adawa.

Kusan shekara biyu ta yi a nan tana shan zagi da barazana, wasu ma a cikin masu ba ta shawara suna cewa ta rage gashi, ta sa tabarau, ta kaurara murya don a ɗauke ta da muhimmanci. Gwamnatin Ratas kuwa kullum tana cikin ba da haƙuri saboda bakin ministocin EKRE, musamman Mart Helme, wanda ya taɓa yi wa firaministar Finlan Sanna Marin gorin cewa 'yar tsaron kanti ce. Abin da ya kayar da gwamnatin dai kuɗi ne. A Janairun 2021 masu gabatar da ƙara suka bayyana binciken da suke yi wa jam'iyyar Tsakiya a kan wani aikin gine-gine a bakin tashar jiragen ruwan Tallinn mai suna Porto Franco, wanda ya samu bashin gwamnati na kusan Yuro miliyan 39. Ratas ya yi murabus ranar 13 ga wata. Ranar 26 aka rantsar da Kallas, mace ta farko da ta zama firaministar Estoniya, a lokacin da shugabar ƙasar ma mace ce. Abin mamakin shi ne da wannan jam'iyyar Tsakiya da ake bincike ta kafa gwamnatin, don lissafin kujeru bai bar mata wata ƙofa ba.

Shekararta ta farko ba ta yi armashi ba. A Maris na 2021 korona ta yi wa ƙasar kamun kazar kuku, aka rufe makarantu da shaguna. Da sanyin ƙarshen shekara ya shigo kuɗin wutar lantarki ya yi tashin gwauron zabo, ita kuma, a matsayinta na 'yar jam'iyyar da ke ƙyamar sa hannun gwamnati a kasuwa, ta yi jinkirin kawo tallafi. Mutane suka ce ba ta san zafin talaka ba. Da a ce labarin ya tsaya nan, da yau ba mu san sunanta ba.

Ranar 'yanci, ranar yaƙi

Ranar 24 ga Fabrairun 2022, daidai lokacin da Estoniya ke bikin cika shekara 104 da ayyana 'yanci, tankokin Rasha suka kutsa Yukren. Kallas ba ta jira hakan ba. Tun kafin a harba harsashin farko gwamnatinta ta aika wa Kyiv, babban birnin Yukren, makamai masu linzami na Javelin da ake fasa tankoki da su. Ta so ta haɗa da wasu tsofaffin bindigogin atilare da asalinsu na Jamus ta Gabas ne, amma Berlin ta riƙe izini sai bayan yaƙin ya ɓarke. Wannan ɗan ƙaramin lamari ya nuna yadda Turai take a lokacin: ƙanana na gabas na ihu, manya na yamma na cewa a bi a hankali.

A makonnin da suka biyo baya babu babbar tashar talabijin ko jaridar Turai da Amurka da ba ta bayyana ba. Tana magana kamar lauya a gaban alƙali, gajerun jimloli, hujja bayan hujja, ba ta tauna magana. Ta soki shugabannin da ke yawan kiran Putin a waya, tana cewa hakan na sa shi jin ba a ware shi ba, kuma kowa ya san da Emmanuel Macron na Faransa take. Tana yawan kawo dabarar cinikin da ake dangantawa da tsohon ministan harkokin wajen Sobiyet, Andrei Gromyko: ka nemi mafi girman abu ko da ba naka ba ne, ka kafa wa'adi ka yi barazana, kada ka sassauta ko kaɗan, domin a Yamma ba za a rasa mai miƙo maka wani abu ba, a ƙarshe ka tashi da sulusi ko rabin abin da a da ba ka da shi. A Yunin 2022, gab da taron NATO na Madrid, ta fasa ƙwai ta ce a tsarin tsaron da ƙungiyar ke da shi, za a bari Rasha ta mamaye ƙasashen Baltik sannan a zo a ƙwato su bayan kwana 180, kuma kafin lokacin an shafe Estoniya daga taswira.

Ba baki kawai ta tsaya ba. Zuwa farkon 2023 taimakon sojan da Estoniya ta ba Yukren ya kai kusan kashi 1 cikin 100 na dukan arzikin da ƙasar ke samarwa a shekara, har da dukkan manyan bindigoginta na atilare masu bakin milimita 155 da ake ja da mota. Ita ce ta kawo shawarar ƙasashen Turai su haɗa kuɗi su sayi harsasan atilare tare, kamar yadda suka sayi rigakafin korona, abin da ya zama alkawarin harsashi miliyan ɗaya cikin shekara guda. Wa'adin Maris na 2024 ya wuce ba a cika ba, sai ƙarshen shekarar. A watan Mayun 2024 kuma majalisar Estoniya ta yi dokar da ta ba da damar amfani da kadarorin Rasha da aka daskarar wajen biyan diyyar ɓarnar yaƙi.

A nan dole a ba ta haƙƙinta. Shekara da shekaru 'yan siyasar Baltik da Folan suna gargaɗi a kan Putin, ana yi musu kallon masu tsoron da tarihi ya bar musu. Jamus ta ci gaba da shimfiɗa bututun gas da Rasha ko bayan ƙwace Kirimiya a 2014. Da abin ya faru, sai ga shi ƙananan ne suka karanci maƙwabcinsu daidai.

Tankar Narva

Yaƙin ya kuma tono wata tsohuwar matsala ta cikin gida. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na mutanen Estoniya Rashanci ne harshensu, yawancinsu zuri'ar ma'aikatan da aka kawo zamanin Sobiyet, kuma har yanzu akwai dubun dubata da ba su da takardar zama ɗan kowace ƙasa. Jam'iyyar Tsakiya ta daɗe tana dogaro da ƙuri'unsu. A farkon Yunin 2022 ta haɗa baki da EKRE suka kayar da ƙudirin gwamnati na mayar da karatun makarantun renon yara zuwa harshen Estoniya, bayan an daɗe ana kai ruwa rana a kan ƙarin kuɗin tallafin yara. Ranar 3 ga Yuni Kallas ta sallami ministocin jam'iyyar su bakwai a tashi ɗaya, a Yuli ta kafa sabuwar gwamnati da Isamaa da 'yan Social Democrat. Kafin shekarar ta ƙare an yi dokar da za ta mayar da dukan makarantun gwamnati koyarwa da harshen Estoniya, daga 2024 zuwa 2030.

Narva birni ne a kan iyaka, kogi kaɗai ya raba shi da garin Ivangorod na Rasha, kuma kusan kowa a cikinsa Rashanci yake yi. A bakin hanyar da ta bi gefen kogin akwai wata tankar yaƙi ƙirar T-34 da aka ɗora a kan dakali tun 1970, don tunawa da tsallakowar sojojin Sobiyet a 1944. Ga mutanen garin wuri ne da amarya da ango ke zuwa ɗaukar hoto, inda ake ajiye furanni don kakannin da suka mutu a yaƙi da Hitler. Ga sauran 'yan ƙasar kuwa alama ce ta ranar da mamaya ta dawo. Da maganar cire ta ta taso, mazauna suka riƙa taruwa a gindinta da kyandirori. Majalisar birnin ta kasa yanke hukunci, sai gwamnatin ƙasa ta karɓi lamarin. Da sassafen 16 ga Agustan 2022 'yan sanda suka rufe hanyoyi, aka kawo ƙugiya aka ɗaga tankar aka ɗora a babbar mota, aka kai ta gidan tarihin yaƙi da ke Viimsi kusa da Tallinn. Hukumomi na tuna tarzomar 2007, lokacin da aka sauya wa wani gunkin soja wuri a Tallinn, amma a wannan karon ba a yi tashin hankali ba. Abin da ya biyo baya shi ne ruwan hare-haren intanet daga masu kutse magoya bayan Rasha. Wannan tanka da ire-irenta su ne tushen sammacin da Mosko ta fitar a kanta daga baya.

Zaɓen 5 ga Maris na 2023 ya zama kamar ƙuri'ar raba gardama a kan yaƙin. EKRE ta ce kwashe makamai zuwa Yukren na raunana tsaron gida, ta kuma yi ta nuni da hauhawar farashi, wanda a bazarar 2022 ya kusa kashi 25 cikin 100. Masu zaɓe suka ba Reform kujeru 37, EKRE 17. Kallas ita kaɗai ta samu ƙuri'a sama da 31,000 da sunanta, adadin da babu ɗan takarar majalisa da ya taɓa samu tun bayan maido da 'yanci. A wannan zaɓen ne kuma a karon farko fiye da rabin ƙuri'u suka shigo ta intanet.

Inuwar giginya

Daga wannan ƙololuwa aka fara gangara, kuma da sauri. Makonni kaɗan bayan zaɓe sabuwar gwamnatinta, ta ƙawance da jam'iyyun Eesti 200 da Social Democrat, ta sanar da ƙarin haraji: na kayan masarufi daga kashi 20 zuwa 22, na kuɗin shiga haka nan, ga sabon harajin mota, ga rage tallafin manyan iyalai da aka ƙara 'yan watanni kafin zaɓe. Hujjar gwamnati ita ce asusu ya yi giɓi, kuma kuɗin tsaro zai haura kashi 3 cikin 100 na arzikin ƙasa. Hujja ce mai ƙarfi. Matsalar ita ce ba a faɗa wa masu zaɓe haka ba lokacin kamfe, su kuma ba su manta ba. 'Yan adawa suka toshe aikin majalisa da ɗaruruwan tambayoyi da gyare-gyaren ƙudiri, ana kwana a zaure. Gwamnati ta mayar da martani ta hanyar ɗaure ƙudirori da ƙuri'ar amincewa da ita kanta, dabarar da ke yanke muhawara, har shugaban ƙasa Alar Karis ya nuna rashin jin daɗinsa. Ta wannan hanya aka zartar da dokar halatta auren jinsi a Yunin 2023 da ƙuri'a 55 da 34, matakin da masu ra'ayin riƙau suka yi tir da shi.

Sai kuma allura ta tono garma. A Agustan 2023 kafar yaɗa labarai ta ƙasa, ERR, ta bankaɗo cewa mijin firaminista na da kusan kashi 25 cikin 100 na hannun jarin wani kamfanin sufuri, Stark Logistics, wanda ya ci gaba da jigilar kaya zuwa Rasha bayan ɓarkewar yaƙi, yana yi wa wani kamfanin Estoniya mai ƙera gwangwanayen feshi aiki. An kuma gano ta ba wani kamfanin mijin nata rancen Yuro 350,000. Kayan ba sa cikin waɗanda takunkumi ya hana, ba a kuma tuhumi kowa da laifi ba. Amma wannan ita ce matar da ta yi ta kiran 'yan kasuwa su yanke hulɗa da Rasha ko da doka ba ta tilasta musu ba. Ta ce ba ta san bayanan harkar ba, mijin ya sayar da hannun jarinsa, manyan jaridun ƙasar suka ce ta sauka, ƙuri'un jin ra'ayi suka nuna yawancin jama'a na ganin haka. Ta ƙi. A ganina a nan halin lauya ya cuce ta: ta tsaya kan cewa ba a karya doka ba, alhali tambayar da mutane ke yi ta kunya ce.

Hausawa na cewa inuwar giginya na nesa ka sha. A lokacin da ake ambaton sunanta cikin masu iya gadon kujerar sakataren NATO, kujerar da Mark Rutte na Holan ya samu daga ƙarshe, tattalin arzikin Estoniya na ja baya shekara biyu a jere, Isamaa ta sha gaban Reform a ƙuri'un jin ra'ayi. A zaɓen Majalisar Turai na Yunin 2024 jam'iyyarta ta zo ta uku da kujera ɗaya tak cikin bakwai. Da shugabannin Turai suka tsayar da ita babbar jami'ar harkokin wajen Tarayyar ranar 27 ga Yuni, ba 'yan adawa kaɗai suka yi ajiyar zuciya ba. Ta yi murabus ranar 15 ga Yuli, Kristen Michal na jam'iyyarta ya gaje ta.

Babbar kujera, ƙaramin iko

Ta kama aiki ranar 1 ga Disambar 2024 a madadin Josep Borrell, kuma a Kyiv ta wuni ranar farko. Sai dai muƙamin sunansa ya fi ikonsa. Duk wani babban mataki na harkokin waje sai ƙasashe 27 sun amince baki ɗaya, ƙasa guda na iya tsayar da komai, kamar yadda Hungari ƙarƙashin Viktor Orbán ta sha yi. A Maris na 2025 ta kawo shirin tara wa Yukren Yuro biliyan 40 na makamai, Faransa da Italiya da Sifaniya suka yi masa sanyin jiki, shirin ya tsuke ya koma maganar harsashi miliyan biyu. Da Washinton ma ba a fara da daɗi ba. A Fabrairun 2025 ta isa birnin aka soke ganawarta da sakataren harkokin waje Marco Rubio, kuma bayan cacar bakin Trump da Zelensky a Fadar White House ta rubuta cewa duniyar 'yanci na buƙatar sabon jagora, kalmar da ba kowace fadar gwamnati a Turai ta ji daɗinta ba.

Gaza ce ta fi jarraba ta a idon sauran duniya. A Mayun 2025 ta sanar da bitar yarjejeniyar hulɗa tsakanin Tarayyar Turai da Isra'ila, a Yuni bitar ta nuna alamun Isra'ila ta saɓa wa sharaɗin kare haƙƙin ɗan Adam, a Yuli ministoci suka tashi taro ba tare da sun ɗauki mataki ba. Gaskiya ne ba ita ke da ƙuri'ar Jamus ko Italiya ba. Amma masu sauraro daga Afirka da ƙasashen Larabawa sun lura cewa harshen da ke da kaifi a kan Mosko ya koma lallashi a kan Gaza, kuma wannan ya rage nauyin kiran da take yi na a mutunta dokokin duniya.

A yankinmu na Sahel ma akwai zaren da ya haɗa. Daga 2018 Estoniya ta ajiye sojoji a Gao ta ƙasar Mali tare da rundunar Barkhane ta Faransa, bisa lissafin cewa wanda ka taya tsaro a hamada zai taya ka a bakin Baltik. A zamanin gwamnatin Kallas aka janye su a 2022, lokacin da Bamako ta juya ga sojojin hayar Wagner na Rasha. A Disambar 2023 kuma gwamnatin sojan Nijar ta soke ayyukan tsaro biyu na Tarayyar Turai. Wannan ne gadon da ta tarar. Tana kallon Rasha a matsayin daular mulkin mallaka saboda abin da aka yi wa mahaifiyarta; matashin da ke ɗaga tutar Rasha a Yamai ko Bamako yana yi ne saboda abin da Faransa ta yi wa kakanninsa. Har yanzu ban ga alamar ta samo harshen da za ta yi magana da shi ba.

Wa'adinta a Brussels zai kai 2029. A kan Rasha ta faɗi gaskiya tun lokacin da faɗinta ba ya da farin jini, kuma ƙasarta ta fi tsaro a yau saboda hakan. A matsayin mai riƙe da gwamnati kuwa, ta kafa gwamnati uku cikin shekara uku da rabi, ta bar jam'iyyarta da raunin da ya fi wanda take da shi lokacin zaɓen 2019.